Gyaran Giyar Jirgin Ruwa Mai Ƙafa a Baya

Kowa ya san mota tana da birki, keke ma yana da shi, doki kuwa yana da linzami. Amma jirgin ruwa mai inji ba shi da birki ko kaɗan. In matuƙi ya nufo gaɓa yana so ya tsaya, dabararsa guda ce: ya rage wuta, ya fid da giya daga gaba, ya sa ta baya, farfela ta juya ta tura ruwa gaba, jirgi ya tsaya. To, a ce ya kama liba ya ja, ta ƙi fita. Ko kuwa ta fita, amma da shigarta baya sai inji ya mutu. Ga jirgi cike da mutane, ga katakon matsaya yana matsowa, ba abin da ya rage masa sai salati. Saboda haka mu ke ganin ya kamata mu da mu ke koyon aikin inji mu ɗauki giyar jirgi da nauyin da mu ke ɗaukar birkin mota.

Abin da mu ke so mu bayyana a nan shi ne yadda a ke neman ciwon giya bi da bi, tun daga hannun matuƙi har zuwa farfela. Dalilinmu kuwa, sau da yawa ciwon yana cikin kebur, abu mai araha wanda a ke sauyawa cikin yini guda, amma gaggawa ta kan sa makaniki ya kwance akwatin giya duka, ya ɓata kuɗin mai jirgi da kwanakinsa, ya mayar, ciwo na nan inda ya ke.

Asalin ƙafa da kamanninta

Yawancin jiragen ruwa ƙanana masu inji iri uku ne. Akwai mai inji a ciki, da doguwar sanda da ta huda cikin jirgin ta fita ƙasa da farfela a bakinta. Akwai mai injin ratayawa, wanda a ke maƙala shi a allon baya, irin wanda mu ka saba gani a kwalekwalen Kwara da Binuwai da Tafkin Cadi. Na uku ya ɗebo daga kowanne: inji yana zaune cikin jirgi kamar na mota, amma akwatin giya da farfela suna rataye a waje, bayan allo, ana juya su dama da hagu, ana kuma ɗaga su sama in ruwa ya yi kaɗan. Wannan abin da ke rataye shi mu ke kira ƙafa, don kuwa da ƙafa ya yi kama.

Wani Ba'amurke, Charles Strang, shi ya zana dabarar a 1948, yana ɗalibi. Abokin aikinsa Jim Wynne ya ɗauke ta ya kai wa kamfanin Volvo Penta na ƙasar Suwidin, aka nuna ta a bajekolin jiragen ruwa na birnin Niyok a 1959, da sunan Aquamatic. A 1961 kamfanin Mercury na Amurka ya fito da tasa, watau MerCruiser. Irin waɗannan jirage sun fi yawa a tafkuna da bakin teku na Amurka da Turai. Duk da haka karatun ba zai zama mana na banza ba, domin yadda giya ke shiga a ƙafar da za mu fi magana a kanta, haka ta ke shiga a yawancin injunan ratayawa na kogunanmu.

Ga yadda ƙarfi ke tafiya. Daga bayan inji akwai mahaɗi na roba da ƙarfe, shi ke kama wata sanda da ta ratsa allon baya ta cikin boris. Da fitarta sai gaɓoɓi biyu masu lanƙwasa, su ke bari ƙafa ta juya ko ta ɗagu alhali sanda na juyi. A saman ƙafa haƙoran giya su karkata juyin ya yi ƙasa, ya bi sanda ta tsaye, a gindi kuma waɗansu haƙoran su sāke karkata shi ya miƙe baya zuwa farfela.

Yadda giya ke shiga

Mu ɗauki ƙafar MerCruiser da a ke kira Alpha One, domin ita ta fi yawa a hannun mutane. A gindin sandar nan ta tsaye akwai ƙaramar giya, tana cizon manyan giya biyu, ɗaya a gabanta ɗaya a bayanta. Muddin inji na aiki su biyun suna juyi, wannan ta yi nan waccan ta yi can, amma ba wadda ta kama sandar farfela, zagaya ta kawai su ke yi. A tsakaninsu akwai wani zobe mai kauri, da haƙora a fuskokinsa biyu, yana zamewa gaba da baya bisa tsagogin sandar, ba ya kuwa iya juyi sai da ita. Shi ne kuloci mai haƙora. In yana tsakiya, jirgi yana firi. In aka tura shi ya ciji giya ɗaya jirgi ya yi gaba, in ya ciji ɗayar ya yi baya.

An ɗan karkata bakin haƙoran nan da gangan, yadda in farfela tana tura ruwa nauyin zai ƙara ƙulle su, kada giya ta fita da kanta. Wannan kuwa ya jawo wata wahala: abin da ya hana ta fita da kanta shi zai hana ta fita sa'ad da matuƙi ya so. Don haka aka sa wani ɗan makunni a kan inji, wanda za mu kira makatsi. Sa'ad da matuƙi ya ja liba, kebur ya ji kuloci ya ƙi sakuwa, ƙarfin jan sai ya motsa wani ɗan hannu mai sifirin, hannun ya danna makatsi, wutar fulogi ta ɗauke kamar ƙiftawar ido. Nauyi ya sauka daga haƙora, kuloci ya zame ya koma tsakiya, sifirin ya mai da hannun, wuta ta dawo tun inji bai tsaya ba.

Ƙafar Bravo ta MerCruiser da na Volvo Penta dabam su ke. Nasu kulocin yana sama, siffarsa kamar mazurari, yana shiga cikin ramin giya ya kama ta da matsi, a hankali, ba ƙara. Ba ya bukatar makatsi. Wajibi ne makaniki ya san irin ƙafar da ke gabansa kafin ya ɗauki sufana.

Umurnin matuƙi kuwa matakai huɗu ya ke bi kafin ya isa ga kuloci. Na fari akwatin liba da ke gefen sitiyari. Na biyu kebur na sama, wanda ya bi gefen jirgi har zuwa inji. Na uku wani faranti a kan inji, inda kebur biyu su ke haɗuwa, nan ne kuma makatsi ya ke. Na huɗu kebur na ƙasa, wanda ya tashi daga faranti, ya ratsa allon baya ta cikin wata 'yar roba mai ninki kamar zugazugin maƙeri, ya isa ƙafa, inda waɗansu sanduna su ke karɓar motsin su kai shi ga kuloci. Kebur na ƙasan nan shi ya fi shan wuya: yana kusa da zafin hayaƙi, yana lanƙwasa duk sa'ad da aka juya sitiyari, rabinsa kuma yana ƙarƙashin ruwa.

Kafin a taɓa kome

Farfela wuƙa ce. Duk wanda zai kama ta da hannu, sai an zare makulli ya sa shi cikin aljihunsa, an kuma cire kan batir. Kada ya yarda da cewa abokinsa ya ce ba zai tayar ba.

Tururin fetur ya fi iska nauyi, a gindin ɗakin inji ya ke kwanciya. Kafin a tayar da inji a buɗe murfi, a shinshina, a bar fankar fid da tururi ta yi aiki minti 4.

In jirgi yana kan tudu, kada a tayar da inji sai an haɗa tiyon ruwa a mashigar ruwan ƙafa. Famfon da ke sanyaya injin Alpha yana cikin ƙafar, fiffikensa na roba ne, in ya yi juyi a bushe bai kai minti guda ba ya ƙone.

In kuma za a motsa liba inji a kashe, a sa wani ya riƙa juya farfela da hannu a hankali. In ba haka ba haƙori ya kan ci karo da haƙori baki da baki, mai ja ya yi ta ja da ƙarfi har ya lanƙwasa wani abu.

Abin da alamu ke nunawa

Likita ba ya yanka sai ya tambaya. Mu ma sai mu tambayi mai jirgi abin da ya gani da abin da ya ji, mu kuma shiga ruwa da shi in da hali.

In liba ta yi tauri ko'ina, gaba da baya, inji na aiki ko a kashe, zaton fari kebur ne, ko kuwa giris ya bushe cikin akwatin liba.

In inji ya kan mutu daidai lokacin da a ke sa giya, mu tuna aikin makatsi. Bai kamata ya motsa ba wajen shiga, sai wajen fita. In ya motsa wajen shiga, wani abu ne ya ke riƙe kebur na ƙasa, yawanci tsatsa, har ƙarfin turi ya danna makatsi ya daɗe a danne. A nan ne mutane da yawa su kan bar jaki su doki taiki: su cire wayar makatsi, inji ya daina mutuwa, su ce sun gyara. Abin da su ka yi shi ne sun rufe bakin mai ba da labari, sun kuma bar jirgin da ba zai fita giya ba ranar da a ke bukata.

In giya ta kan shiga lafiya amma ta ƙi fita cikin ruwa, ko kuwa ta tsallake firi ta faɗa baya da ƙarfi, to, ko makatsi ba ya aiki, ko silon inji ya yi yawa. Yawancin injunan fetur na wannan iri ana saita silonsu wajen juyi 600 zuwa 700 a minti, giya a ciki, jirgi a ruwa. Adadin kowane inji yana rubuce a takardar da ke manne a kansa. In silo ya haura, kome kyawun kebur giya za ta shiga da duka, ta fita da wuya.

In ana jin ƙara kamar an ja sanda a kan kwanon rufi kafin giya ta kama, ko dai kebur ba ya tura kuloci har ƙarshe, ko kuwa hannun matuƙi ne ke da nawa.

In ana cikin tafiya, aka ƙara wuta, sai a ji jirgi ya yi gif kamar ya taka kututture, bayan ɗan lokaci ya sāke, wannan kuloci ne ke kuɓucewa yana komawa. Ko saiti ya ɓaci, ko bakin haƙora ya riga ya cinye.

In kuwa giya ta shiga, inji na kuka, jirgi ba ya tafiya sai kaɗan, kada a yi saurin zargin giya. A tsakiyar farfela akwai roba ko wani abu mai kama da ita, an sa shi don ya sadaukar da kansa in farfela ta bugi dutse. A ja layi da fenti daga tsakiyar har jikin farfela, a ɗan yi tafiya, a duba. In layin ya rabu biyu, farfela ce. In kuma ana jin warin ƙonanniyar roba a bayan inji, zafin inji yana hawa, to, mahaɗin nan na bayan inji ne ya cinye, ƙafa duka ta daina juyi, har da famfon ruwanta.

A raba hanya biyu

Da mun ji alamu, abin yi na fari shi ne mu je faranti mu cire kebur biyun daga maƙalansu. Da wannan aiki na minti 5 mun raba doguwar hanya gida biyu, kowane rabi kuma zai faɗi gaskiyarsa.

A fara da rabin sama. A motsa liba gaba da baya. In har yanzu tana da tauri, ciwon yana akwatin liba ko kebur na sama, ba ruwan ƙafa. A bi kebur ɗin da hannu daga farko har ƙarshe, a nemi inda aka lanƙwasa shi da yawa, ko inda rigarsa ta tsage, ko inda wani kaya ya danne shi. Sa'an nan a auna tafiyar bakinsa daga cikakken gaba zuwa cikakken baya. Ga Alpha ana son wajen inci 3, watau tsakanin milimita 73 da 80. In ta gaza haka, akwatin liba ya cinye ko kebur ya saki, kuloci kuwa ba zai taɓa zama daram ba kome saitin da aka yi.

Sa'an nan rabin ƙasa. Aboki na juya farfela, a tura bakin kebur na ƙasa, a ja shi. Lafiyayyen kebur da 'yan yatsu biyu a ke motsa shi. In sai an dafe da hannu biyu, ko ana jin yana ci yana saki kamar akwai yashi a ciki, ya gama aiki. Ba a warkad da shi da ɗiga mai, don tsatsar tana can tsakiya inda mai ba ya isa. Sai sabo.

Daga nan a dubi makatsi. A tabbata ɗan hannunsa yana komawa tsakiya da kansa, ba ya makalewa. Inji na silo, da ruwa a haɗe, a danna shi da yatsa a saki nan da nan, ya kamata inji ya yi tuntuɓe ya farfaɗo. In bai ko kula ba, makunnin ya mutu ko wayarsa ta tsinke. Akwai kuma gwaji guda mai kyau: a kan tudu farfela ba ta ɗauke da nauyi, saboda haka makatsi ba shi da dalilin motsi. In aka sa giya a kan tudu aka ga ya motsa, kebur na ƙasa ya tona kansa.

Na ƙarshe a dubi man giya. A kwance kusar da ke gindin ƙafa a bar kaɗan ya zubo cikin farin kwano. In ya fito fari kamar kindirmo, ruwa ya shiga, akwai sil da ya lalace. A bakin kusar akwai maganaɗisu. Ɗan baƙin gari mai laushi a kansa ba kome ba ne, amma in aka sami gutsattsarin ƙarfe da yatsa ke ji, to, lalle ciwon ya kai ciki.

Sauya kebur na ƙasa

Wannan aiki sai jirgi yana kan tudu, kuma sai an sauke ƙafa. Ga Alpha mai farfela ta yau da kullum, a sa giya a gaba kafin a sauke, a kuma mai da ita tana gaba, domin a nan ne kaɗai sandunan giya su ke fuskantar juna su zame. Bravo kuwa a firi a ke sauke ta. Wanda ya manta wannan ya dinga ɗaure noti da ƙarfi, zai lanƙwasa sanda, ya sayi ciwon da bai tarar ba.

A cire ƙarfunan ɗaga ƙafa na gefe biyu, a kwance noti 6, mutum biyu su jawo ta baya a miƙe, gama tana da nauyi. Kafin a zare tsohon kebur a lura sosai da hanyar da ya bi, in da hali a ɗauki hotonsa. A zare wayar ciki tukuna, sa'an nan rigar. Sabon ya bi sawun tsohon daidai, ba lanƙwasa mai tsanani, nesa da duk abin da ke juyi ko ke zafi.

'Yar robar zugazugin nan da kebur ke ratsawa, a sauya ta tare da shi, ko da ta yi kamar tana da sauran rai. Ƙasa da fuskar ruwa ta ke. In ta tsage, ruwa ya bi ta nan ya ɓata kebur, ya kuma riƙa tsiyaya cikin jirgi dare da rana, har jirgin da aka bari ɗaure a matsaya ya kan nutse ta wannan 'yar kafa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Tun da ƙafa tana ƙasa, a duba sauran zugazugai biyu, na gaɓoɓi da na hayaƙi, a juya boris da yatsa a ji ko yana gurnani, a kuma zura sandar gwaji a ga ko inji yana fuskantar ƙafa sosai. Wajen mayarwa a sa sabon gaskit da sabbin zobban roba, a shafa giris a tsagogin sanda, a ɗaure notin bi da bi, wannan gefe sa'an nan wancan.

Saiti

Sabon kebur ba shi da amfani sai an saita shi. A tsaya bayan jirgi, a tura bakin kebur na ƙasa ciki, aboki yana juya farfela akasin tafiyar hannun agogo, har ta ƙulle ta ƙi gaba. Yanzu giya tana cikakken gaba. A bakin kebur akwai wani ɗan gangan tagulla mai zare. A murza shi har tsakanin tsakiyarsa da tsakiyar ramin da ke ƙarshen kebur ya zama inci 6 cif. A maƙala shi a faranti. Sa'an nan a sa liba a cikakken gaba, a daidaita gangan kebur na sama bisa ga abin da littafin wannan ƙafar ya ce, gama ƙididdigar ta kan bambanta daga zubi zuwa zubi. Littafin ma'aikata ba kayan ado ba ne, a buɗe shi a kan benci.

Gwaji uku ke biye, inji a kashe. Liba a gaba: farfela ta ƙulle in an juya ta akasin agogo, ta ɗaya wajen kuwa ta yi ƙas-ƙas ta wuce. Liba a firi: ta juya ko'ina sakayau, ba ƙara. Liba a baya: ta ƙulle in an juya ta bin agogo. In baya ta ƙi kamawa sosai, akwai wata kusa a hannun faranti da ke zaune cikin dogon rami, a ɗan matsar da ita kaɗan kaɗan har ta kama. Duk cikin wannan ido yana kan makatsi, kada ya motsa.

Gwajin gaskiya kuwa cikin ruwa ne. A ɗaure jirgi da igiya mai kyau, a bar inji ya yi ɗumi, a sa gaba, a fitar, a sa baya, a fitar, kamar sau 10. Sa'an nan a fita fili, nesa da matsaya da masu wanka, a sāke. A tabbata kuma inji ba ya tashi in giya tana ciki. Makaniki bai gama aiki ba sai ya tsai da jirgin da hannunsa.

In ciwon ya kai ciki

Wani lokaci kebur lafiya, saiti daidai, silo daidai, amma giya tana kuɓucewa. To, a nan ne a ke buɗe akwati. Haƙorin kuloci lafiyayye bakinsa tsaye ya ke kamar bakin tubali, wanda ya cinye kuwa ya yi sulɓi kamar dutsen rafi. In ya cinye, na jikin giyar da ya ke ciza ma sun cinye, tare a ke sauya su. Tazarar da ke tsakanin haƙoran giya da siraran ƙarfuna a ke daidaita ta, waɗansu ba su kai kaurin takarda ba, sai da ma'auni na musamman. Wanda ba shi da waɗannan kaya, mutuncinsa ne ya faɗa wa mai jirgi gaskiya ya tura shi inda su ke. Kuloci mai mazurari kuwa alamar tsufansa jinkiri ne: a sa giya, a ƙirga ɗaya, biyu, uku, kafin ta kama, don fuskarsa ta yi santsi. Shi ma kafin a buɗe a tabbata kebur yana kai shi ƙarshe, man da ke ciki kuma irin wanda masu ƙafar su ka faɗa ne.

Rigakafi

Yawancin haƙoran da su ka cinye hannun matuƙi ne ya cinye su. An ce sannu ba ta hana zuwa, amma ban da wajen sa giya mai haƙora. Mai jan liba a hankali don tausayin inji, shi ne ke barin haƙora suna gogar juna suna gutsurewa. A mai da wuta silo, a ɗan dakata, a sa giya da motsi guda mai kaifi, a ji ta faɗa sau ɗaya. Daga gaba zuwa baya kuma a tsaya a firi har inji ya lafa.

A sauya man giya bayan awa 100 na aiki ko sau ɗaya a shekara, wanda ya riga zuwa. Ta ramin ƙasa a ke ɗura shi har ya ɓullo ta na sama, don kada iska ta maƙale a ciki, a rufe na sama kafin a zare famfo. A cire farfela lokaci lokaci a duba ko zaren kamun kifi ya naɗe a sanda, gama shi ke yanka sil. Kowace shekara a ɗaga ƙafa a juya ta gefe, a buɗa ninkin zugazugai da yatsa a nemi tsaga. Ranar da liba ta fara tauri kuwa, ranar ce ta neman kebur, ba a fafe gora ranar tafiya.

'Yan'uwa, abin da mu ka koya daga wannan darasi ya wuce jirgin ruwa. In inji ya zo mana da ciwo, mu san hanyar da umurni ke bi a cikinsa, mu raba ta biyu, mu gwada kowane rabi, mu fara da mai sauƙi kafin mai wuya, kada kuma mu kashe abin da aka sa don tsaro saboda ya dame mu. Mutanen da za su shiga jirgin da mu ka gyara ba su san sunanmu ba, ba su kuwa ga aikinmu ba, amma da shi za su isa gaɓa. Allah ya ba mu haƙurin bincike da gaskiyar aiki, amin.